Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Taswirori

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Mozammel Sarkar, mai kula da taswirori a ofishin tsare-tsare na ƙaramar hukumarmu da ke bakin kogin Jamuna, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu, wadda muke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu tana aiki.

Marigayiyar ta san kowace hanya da kowace rijiya, ta san inda ambaliya ta tsaya a kowace damina. Ba ta iya ƙarya ba. Shekarar da shugaban ƙaramar hukuma ya so a gina mafakar ambaliya a ƙofar gidan surukinsa, ita ta nuna a gaban kansiloli cewa ruwa zai kai tagar ginin. Aka mayar da shi kan tudu. Mutum ɗari uku suka kwana a ciki da awakinsu a daminar da ta biyo baya.

Ta daɗe tana jinya. Danshi ya ci ta, ɗauke wuta ya gajiyar da ita, tururuwa suka tare a cikinta. Takarda tara na rubuta ina neman mata magajiya. Duk an amsa mini cewa ana dubawa.

Ranar da abin ya faru, Rahela Bewa na zaune a gabana. Bazawara ce, kogi ya haɗiye gonar mijinta shekara takwas da suka wuce, bana ya janye ya dawo da ita, wani mai ƙarfi kuma ya riga ya kafa turaku a cikinta. Iyakar gonar tana cikin Tsohuwa. Na kunna, ta ce ƙirrr, ta ce ƙit, allon ya yi baƙi.

"Ɗana, barci ta yi?" in ji Rahela.

Na aika a kira mai gyara. Nitai mai gyara ya zo ya buɗe cikin Tsohuwa, ya shinshina, ya ce, "Yaya Mozammel, wannan sai dai haƙuri. Ni mai gyara ne, ba na ta da matattu."

Ta rasu ta bar injin buga taswira wanda rabonsa da tawada tun bara, da faifan ajiyar bayanai da ya cika shekara huɗu baya tun ba a gama kwafe taswirorin ba, ba gonar Rahela a ciki. Ta bar tsofaffin taswirorin takarda da gara ta ci rabinsu. Ta bar ni, gwiwa na ciwo, saura shekara biyu in yi ritaya.

Za a kai ta ɗakin ajiya na bayan ofis ranar Alhamis bayan Azahar, in kwamitin kula da kayan ofis ya zauna ya sa hannu. Ba za a yi zaman makoki ba. Mai son yi mana ta'aziyya ya same mu a mashigar jirgin ruwa ranar Asabar da sassafe, da lema da igiyar awo. Rahela ta ce tana tuna inda bishiyar mangwaron mijinta take a da. Daga nan za mu fara awon gonar.