Karin Maganar da Na Jefa a Zauren Alhaji Mati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Dayi nema wa ƙanena Sani aure ba. Kawu Ilu ne ya kamata ya yi magana, sai mura ta dusashe masa murya, aka ce ni in wakilta. Ni kuwa dama abin nema ya samu. Malamin Hausa ne ni a Funtua, kuma ina ji da kaina wajen karin magana (matata ta ce ko gishiri zan tambaya sai na sako guda).

Sani ya riƙe ni a bakin mota yana roƙo. "Yaya, don Allah a yi a hankali. Akwai wani ɗan Malumfashi da ke neman Hadiza, kuma babanta bai yanke ba tukuna." Ya ƙara da wata magana game da tsohon, amma hankalina na can wajen bitar abin da zan faɗa.

Muka tarar da Alhaji Mati, mahaifin yarinyar, a zaure cikin babbar riga, ƙannensa na kewaye da shi. Muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi damina da lafiyar masara. Fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na gyara murya na fara zuba. Da na ga ana gyaɗa kai, sai kaina ya kumbura. Ina so in nuna cewa haɗuwar gidajen biyu ƙarfi ce, sai na ɗaga murya na ce, "Ai Baba, kai ma ka sani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka!"

Kawu ya mintsine ni a cinya har na kusa yin ƙara. Alhaji Mati ya dube ni, sannan a hankali ya yaye hannun rigarsa na hagu. Dungulmi ne, daga gwiwar hannu babu komai. Injin casar masara ne ya cinye shi, kuma abin da Sani ya gaya mini ke nan a bakin mota.

Na lalubi wata karin maganar da zan gyara ɓarnar, wallahi wadda ta zo mini ita ce "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar". Allah Ya taimake ni na haɗiye ta. Ba kunya kaɗai nake ji ba, tunanin yadda zan kalli Sani in ce na kashe masa aure da bakina nake yi.

"Gaskiyarka, Malam," in ji tsohon, ba ko murmushi. "Shi ya sa na yi rufin kwano."

Wani ƙanensa ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Ni dai kaina na ƙasa.

"Na ba Sani Hadiza," in ji Alhaji Mati, "don yaro ne mai kunya. Amma Malam Ilu, ranar ɗaurin aure kai za ka karɓa, ko da raɗa ne."

Haka aka yi, ina can sahun baya. Yanzu kafin in jefa karin magana sai na kalli kowa tun daga hula har takalmi, in kuma ban tabbata ba, sai in ce "haka ne" in ja bakina in yi shiru.