Ragon Suna da Tankin Ruwan Zafi

Ba zan taɓa mantawa da haihuwarmu ta fari ba, wadda ta faɗo tsakiyar ɗari. Surukata ta zo daga Barmu don yi wa 'yarta wankan jego, ta tarar ban ajiye ko ƙiraren itace ba. Na ce a shaida mata gidan nan rana ke dafa mana ruwa. Na nuna abin alfaharina a tsakar gida: faifan gilashi mai kallon kudu, da tanki a bisansa.

Matsalar ɗaya ce. Da yamma ruwan sai an surka, amma kafin safiya ya huce, alhali mai jego da safe take fara wanka. To, ni ba a kayar da ni a kan dabara (matata na da wani ra'ayi, amma ita ba ta rubutu). Na goge ƙurar gilashin, na cika buhuna da ƙaiƙayi, da bai isa ba na ƙara da dusa, na naɗe tankin da tiyon ruwansa da su tsaf. Kuma wallahi ta yi aiki. Washegari ruwan na tururi, har surukata ta tsoma yatsa ta janye da sauri. Na yi ta yawo a gidan kamar wanda aka naɗa sarauta.

Ana gobe suna na kawo rago, na ɗaure shi kusa da tankin.

Da sassafe, gida ya cika da mata, na ce su zo su ga abin zamani. Muna zuwa muka tarar da buhuna a yage, tiyo a tattaune, ruwan ya tsiyaye ƙasa, rago kuma na tsaye cikin laka da cikinsa ƙato, yana tuƙa. Na murɗa famfo duk da haka. Ko ɗigo.

Surukata, da ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ta dubi 'yarta ta ce, "Tambayi mai gidanki, ranar ta tahi unguwa ne? Ku samo mini itace, ɗiyata ba ta wanka da labari."

Kunya ta kusa kashe ni. Da kaina na bi maƙwabta roƙon itace, cikin babbar rigata ta suna.

Har yau ina nan kan bakana: naɗe tanki dabara ce mai kyau. Sai dai a naɗe shi da abin da rago ba ya ci.