Jirgin da Na Kayar a Falon Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙaramar Sallar da na tuƙa jirgin sama a falon Kawu Sabo, a gaban dangi kaf.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, Kawu ya samu muƙami a ƙaramar hukuma, aka ba shi sabuwar kwamfuta. Sai ya ce tsohuwar da ke gidansa a Daurawa zai ba ɗayanmu, ni ko Nasiru, ɗan ƙanwar Umma, duk wanda ya ga zai more ta. A unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi kuwa a lokacin, saurayin da ke da kwamfuta a ɗakinsa ko tafiyarsa daban take.

Nasiru yana taya aiki a wani shagon buga takardu a Unguwa Uku. A can ya samu wasan koyon tuƙin jirgi, ya farke tsohon kibod, ya jawo wayoyi daga cikinsa ya haɗa su da madannan ƙararrawar ƙofa a jikin wani guntun falanki. Ka danna wannan tayoyi su fito, ka danna wancan birki ya kama. Kawu ya gani ya ce, "Yaron nan akwai kai." Ni ina tsaye a wajen, da nawa kan (wanda ba a ambata ba). Kishi ya kama ni har abincin rana ya gagare ni.

Na rantse sai na yi wanda ya fi nasa. Na samo faffaɗan falanki, na shafe shi da baƙin fenti, na sayo manyan makunnan fitila irin na bango, masu yin ƙas idan an kunna. Ai jirgi ba gidan haya ba ne da za a cika shi da ƙararrawa.

Nasiru ya zo gaida Umma ya tarar ina liƙa waya da dalma. Ya duba ya ce, "Ɗan'uwa, makunnin bango in ka kunna zama yake a kunne. Kwamfuta za ta ɗauka ka danne madanni ka ƙi ɗaga yatsa. Kawo shi shago mu gwada."

Na ce, "Na gode, injiniya." A raina kuwa cewa na yi baƙin ciki yake yi don nawa ya fi kyau. Ban kai shagon ba, don kada ya saci fasahata. Wato har ranar Sallah allon nan bai taɓa haɗuwa da kwamfuta ba.

Ranar Sallar, wadda Kawu ya sa mu zo mu nuna aikinmu, kowa ya sha shadda, ni na ɓullo da farar riga mai igiyoyi a kafaɗa (ta wani maƙwabcinmu ce mai gadin banki). Falon ya cika da iyaye da 'yan'uwa, ga Hajiya Babba, kakarmu, a kan darduma tana cin cincin. Nasiru ya fara. Ya tashi jirginsa lafiya, ya zaga, ya sauka. Aka yi ta sa masa albarka, ni kuwa kowace albarka ji nake kamar daga rabona aka yanko ta.

Da aka jona nawa, kowa ya zuba masa ido, don gaskiya ya yi kyau. Na ɗaga jirgi da kibiyoyin kibod, na gyara murya na ce, "Kawu, yanzu za mu naɗe tayoyi." Na kunna makunni, ƙas.

Tayoyi suka shige. Suka fito. Suka shige, suka fito, ba tsayawa. Na ce wannan gwaji ne. Na kunna na biyu don in gyara, hoton ya shiga juyawa, yanzu muna cikin jirgi, yanzu muna waje, yanzu muna kallon ciyawa. Na ruɗe na kunna sauran gaba ɗaya. Kwamfuta ta kama kuka ƙit-ƙit-ƙit, injin ya mutu, jirgi ya sunkuyar da kai ya nufi ƙasa, tayoyinsa na ta shiga da fita har ya dangana da gona.

Hajiya Babba ta ajiye cincin ta ce, "Angona, da mutane a ciki?"

Na ce babu, Hajiya.

"To alhamdu lillahi. In kai ne direba, ni Makka a raƙumi zan koma."

Har Umma sai da ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Nasiru bai yi dariyar ba. Ya matso ya kashe makunnan ɗaya bayan ɗaya, kukan ya tsaya, ya ce, "Kawu, aikinsa fa mai kyau ne, madannai kawai za a canza." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ka gwada shi kafin yau?" Na sunkuyar da kai ina kallon kafet.

Da yamma aka ɗora kwamfuta a bayan ɗan acaɓa, aka nufi gidan su Nasiru da ita. Ni na riƙe musu wayoyin har bakin titi, allona a hammata.

Tun daga ranar, in wanda nake kishi da shi ya ba ni shawara, nakan tsaya in saurara. Kishin dai ban daina ba, amma yanzu sai na gama ɗaukar shawarar nake ci gaba da shi.