Mai Jan Kai a Bayan Gida

Wani ne a Tudun Wada, zamanin da aka fara ɗaukar masu gadin daji ana ba su kaki. Ba abin da yake so a duniya kamar kakin nan. In mai gadi ya wuce, sai ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Yayan matarsa, Malam Ɗahiru, malamin daji ne. Wata rana ya zo da akwatin hoto, an maƙala masa wani dogon bututu mai gilashi a baki. Ya ce na Baturen daji ne mai tara hotunan tsuntsaye, duk ya samu sai na maƙwaƙƙwafi. Tsuntsun kuwa kullum da safe yana kan busasshen gawon da ke bayan gidan mutumin. Shi Ɗahiru za shi rangadi Doguwa, ba zai iya zaman jira ba. In ya dawo ya tarar mutumin ya ɗauko masa hoton, to kaki ya tabbata.

Mutumin ya ce shi fa in ba kaza ba, tsuntsaye duk ɗaya ne a wurinsa. Yaya zai gane shi?

"Mai jan kai ne, mai kaifin baki," in ji Ɗahiru. "Tun asuba yake dukan itace, ba ya barin kowa ya yi barci. In ka ga mai wannan siffa, danna."

Ya nuna masa aikin dalla-dalla. A leƙa ta nan, a murɗa zoben bututu har abu ya fito sarai, a danna nan, a ja wannan don fim ya matsa. Mutumin yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan aljihun kakin Ɗahiru, yana auna yawan goron da zai ci. Kafin azahar labari ya gama gari. Mahauta har sun fara kiransa Sarkin Daji, shi kuma yana ɗaga musu hannu.

Washegari ya kafa akwati a kan ƙafafu uku da aka haɗo shi da su, ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya leƙa, bai ga komai ba sai fari fat kamar kunu. Ya murza ido, ya sake leƙawa, kunu dai. Can ya tuna da zobe. Yana murɗawa sai ga tsuntsu ya fito daga cikin kunun, dab da hancinsa, girman zakara.

Ya yi baya ya faɗi zaune. Ya ɗaga kai, ga tsuntsu can ƙololuwar gawo, ɗan mitsitsi. Ya mai da ido, ga shi a hancinsa. Ya cire, ya koma.

Ya kira matarsa Barakatu, ya ce tun da yake bai taɓa ganin tsuntsu mai sauri irin wannan ba, kafin ƙiftawar ido ya zo ya koma. Kuma shi ya yi dabara. Me za a yi da hoto, alhali mai hoton yana kawo kansa? A kama shi a kai wa Bature, watakila a haɗa masa da takalmi.

Ya sa ta tsaya a bakin bututu da kwando. Tsuntsu na bayyana mutumin ya ce, "Kife!"

Ta kife bututu. Duhu ya rufe masa ido, ya firgita ya danna.

"Kin kama?"

"Na kama ƙarfen yayana," in ji Barakatu. "In fige shi?"

Da kamu ya gagara, ya zauna ya yi tunani. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa hoto, a Kano, kuma ya tuna yadda aka yi. An rataya ƙyalle a bayansa, an ce ya kalli nan, kada ya motsa. Ashe shi ya sa abin ya ƙi. Ba a yi wa tsuntsu tsari ba.

Ya hau gawo ya rataya sabon zanen Barakatu a bayan reshe. Tsuntsu ya zo ya dubi zane, ya zagaya bayansa ya ci gaba da aiki. Mutumin ya hau ya mai da zane baya, tsuntsu ya dawo gaba. Sai mutumin ya koma lallashi. Ya ce don Allah ya tsaya cak. Ya ce ya kalli nan. Ya ce ɗan murmushi kaɗan, ko da yake ya san da wuya a irin wannan bakin. Tsuntsu ko a jikinsa, kansa yana kai da komo kamar na mai jin kiɗa. Mutumin ya yi ta danna, yana ja, yana danna. Wani lokaci ya samu wutsiya, wani lokaci ya samu inda tsuntsu ya tashi.

Ranar da Ɗahiru zai dawo, hoto ɗaya ya rage a fim. Mutumin ya fito daga shi sai wando da takalma, ya kasa kunne. Ya ji duka, amma yau daga ƙasa yake zuwa, kuma da nauyi. Ya ce lalle uban tsuntsun ne ya zo da kansa. Ya juya bututu yana bin ƙara, har ya leƙa ta wata kafa a jikin zana. Ga wani abu ja a cikin kunu, yana sama yana ƙasa. Ya riƙe numfashi, ya murɗa zobe sannu a hankali, daidai yadda aka koya masa. Ranar ce kaɗai ya yi daidai.

Inna ce, surukarsa, da jan ɗankwali, tana daka.

Gidanta yana can ƙetaren gona. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa haɗa ido da ita ba, in ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin dawa. Yau ga ta hanci da hanci, shi kuma ba riga.

Ya watsar da takalma, ya zube ƙasa. Hannun da ya dafa akwati da shi ya danna, aka ji ƙyas.

"Ina kwana, Inna. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya ƙafar?"

 Ya miƙe kaɗan ya leƙa. Tana nan, ta haɗe rai, bakinta na motsi. Akuya take wa faɗa, shi bai sani ba. Ya sake zubewa ya ɗauko gaisuwa daga farko, ya haɗa da ta mutanen Kiru da ta zo daga cikinsu.

Barakatu ta fito ta tarar da shi durƙushe gaban ƙarfe. Ta ce wa yake gaisarwa, Inna ai tana gidanta tana daka, ga ƙarar turmi ma ana ji.

"Yi a hankali," ya ce da raɗa. "Tana cikin bututu. Miƙo mini riga."

Ɗahiru ya kai fim Kano aka wanke. Ya dawo da hotuna a ƙunshe, da kaki a ninke a hammata. Zaure ya cika, mahauta ma sun bar nama sun zo. Inna da kanta ta zo, tana daga ciki bayan ƙofa da Barakatu, tana jira a miƙo mata ta ga tsuntsun da ake ta magana.

Aka kwance. Na farko baƙi ƙirin, cikin kwando ne. Na biyu zane. Na uku zane ta baya. Sai sararin sama, sai reshe, sai wani abu da aka yi gardama ko wutsiya ce ko yatsa. Ɗahiru yana ajiyewa, kaki yana matsawa bayansa.

Na ƙarshe ya fito tas, har ana iya ganin zaren ɗankwali. Ga taɓarya a sama, ga baki a buɗe. Ɗahiru ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai Inna ce."

Mutumin ya dubi kaki, ya ga yana shirin komawa jaka. Ya gyara zama. Ya ce a yi adalci, a bi siffa ɗaya bayan ɗaya. An ce mai jan kai, to ɗankwalin ja ne, hoton ne bai nuna ba, a tambayi Barakatu. An ce dukan itace tun asuba, turmi kuwa ba da ƙarfe aka sassaƙa shi ba. An ce hana mutane barci, ga maƙwabta nan zaune, wanda ya taɓa makara ya ɗaga hannu.

Ba wanda ya ɗaga.

Ɗahiru ya ciji leɓe. "Na ce maka mai kaifin baki."

Mutumin ya waiwayi ƙofa, ya sunkuyo, ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Wannan kam, Malam, ai kai ka tashi a gabanta."