Ciyawar Ashirin da Huɗu

Duk wanda ya ce Ƙanƙara ba ta da masana, bai taɓa zama a gidan gem na Gide ba. Shago ne mai ƙyaure ɗaya a bayan tasha, da benci biyu, da talabijin, da na'urar gem guda wadda ta sha salatif har ba a gane asalin launinta. Amma ilimin da ke fita daga ciki, tsakani da Allah, ya fi ƙarfin shagon. Shi ya sa muke kiran mai shi Farfesa, shi kuma yake amsawa tun ba a rufe baki ba.

Fanninsa shi ne shekaru. Yadda dattawan Mabai ke zama su ce daminar bara ta fi ta bana gero, haka Farfesa ke auna wasannin da ke fitowa kowace shekara. Da Janairu ya kama sai ya naɗe na'urar cikin bargo, ya hau mota zuwa Faskari wurin Malam Ɗanliti mai gyara, a ɗora masa na bana: ƙwallo, tseren mota, dambe. In ya dawo ya rufe shago kwana biyu yana bincike. A rana ta uku ya fito da jajayen idanu ya yanke hukunci.

"Ashirin da biyu fari ne," in ji shi. "Turawa sun yi ha'inci. Ka ce ma ɗan wasa tahi dama, sai ka ga shina yin hagu. Motoci duk sun karkace. Amma ashirin da huɗu, kai! Kaka ta yi albarka. Ku tuna ciyawar hilin nan, kore shar, kamar ka sako mata akuya."

Samarin da ke kan benci sukan gyaɗa kai. Wanda ya taɓa cewa shi bai ga bambanci ba, Farfesa ya kashe masa wasa ana tsakiyar fanareti, tun daga nan aka samu haɗin kai a fagen ilimi.

Sai dai babban abin alfaharinsa wani ne daban. A shekarar 2019, da ya fara sayen na'urar, ya zauna ya ƙera ɗan wasa a cikin gem ɗin ƙwallo, ya raɗa masa suna Gide, ya ba shi lamba goma. Ya yi masa tsawo da faɗin ƙirji da gudun barewa, abubuwan da Allah bai ga damar ba na ainihin ba. Da shekara ta zagayo aka ɗora sababbin wasanni, sai ga Gide nan a fili yana ɗumama jiki. Wata shekarar ma haka. Farfesa ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa masu kamfanin can ƙasar waje sun ga aikinsa, sun yaba, shi ya sa ba sa fitar da sabon gem sai da shi a ciki. Bai yi girman kai ba, ya dai daina amsa sallamar mai shayi da wuri.

Ana nan sai masu gidajen gem na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka kafa ƙungiya, aka sa ranar zaɓen shugaba. Kujerar nan ta shiga ran Farfesa, har abinci ba ya yi masa daɗi. Ya ɗinka babbar riga, ya ba mai fenti allo ya rubuta Shugaba, ya jingine shi a bayan ƙyaure yana jiran rana. Abokin takararsa wani Muttaka ne daga Sabuwa, mutum maras hayaniya, wanda duk manufarsa ita ce a haɗu a sa sola a huta da janareta. Farfesa ya ji tausayinsa.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a rumfar makaranta, mutum goma sha tara. Farfesa ya zo da na'urarsa da talabijin a kan amalanke, ya kuma gayyato Malam Ɗanliti da kansa don ya zama shaida. Awa guda cur yana jera shekaru. Ashirin ta yi tsaka-tsaki, ashirin da ɗaya ƙwallonta ta yi kyau amma dambenta bai yi ba, ashirin da uku ta ɗan farfaɗo. Ya kunna gem, ya nuna lamba goma da tsinin hularsa.

"Jama'a, wanda Turawa sunka sani, ku ne za ku ce ba ku san shi ba? Malam Ɗanliti, tashi ka hwaɗa masu shekara nawa kana ganin sunana cikin na'urar nan."

Malam Ɗanliti dattijo ne mai tsoron Allah, ba ya iya ƙarya a gaban jama'a. Ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Shekara shida, gaskiya ne. To ai dole a gan shi, Gide, tunda gem ɗin guda ne."

"Guda kamar ƙaƙa?"

"Na'urarka ta tsufa, ba ta ɗaukar sabo. Na hwaɗa maka tun zuwanka na biyu, ka ce ba gardama ta kawo ka ba, in sa maka na bana kawai. Ni kuma sai in canza hoton farko, in rubuta sabuwar shekara, in sauya ma 'yan wasa riguna. Shi ya sa ko sisi ban taɓa amsa ba, goro kake kawo mani."

Sai Muttaka ya tambaya cikin ladabi ko a wace shekara ce Farfesa ya sayi sabuwar talabijin. Wani ya amsa daga baya cewa ashirin da huɗu, shekarar ciyawa. Wani kuma ya tuna cewa a ashirin da biyu ne hannun gem ɗin ya faɗa cikin kwanon koko, maɓallinsa ya maƙale a hagu har damina ta wuce.

Ni da nake wurin, wallahi sai da Farfesa ya ba ni tausayi. Babbar rigar ta yi masa yawa nan take. A cikin talabijin kuwa dogon Gide yana ta tsalle yana miƙe ƙafa, bai san abin da ake ciki ba.

Aka ɗaga hannu, Muttaka ya samu sha takwas. Amma mutanenmu ba sa son a tashi taro wani yana ɓacin rai, don haka sabon shugaba ya kawo shawarar a ba Farfesa muƙamin Ma'ajin Tarihi, aka amince baki ɗaya. Farfesa ya gyara hula, ya ce dama ya san ba za a rasa masu ganin ƙima ba, ya tambayi dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

"Cancanta ce, Farfesa," in ji Muttaka. "Duk ƙananan hukumomin nan uku, kai kaɗai ka rage a 2019."

Allon nan yana rataye a ƙofar shagon yanzu. Mai fenti ya goge Shugaba ya rubuta sabon muƙamin, ko da yake in rana ta haska ana hango tsohon rubutun a ƙasa.