Mawaƙin da Ba Ya Waƙa Hannu Wofi

Wani ne, mai gyaran fanka, yana da tagwaye 'yan shekara uku da jariri na goye. Matarsa tana cikin masu nuna wa mutane wurin zama a coci. Saboda haka duk ranar Lahadi shi ke zama a bencin baya da yara uku. Wannan ya ja masa kunne, wancan ya ce fitsari, jariri ya yi masa tumbuɗi a wuyan riga. Tun da aka haifi tagwayen nan bai taɓa jin wa'azi daga farko har ƙarshe ba.

Wata Lahadi ya ɗaga kai ya hango mawaƙa a gaba. Riga a goge, fanka a kansu, kuma shi ya gyara ta. Hannun kowa ba komai sai littafin waƙa. Ya ce a ransa, "Ashe akwai masu hutawa a gidan Ubangiji."

Da aka tashi ya tari malamin waƙa.

"Malam, na ji kira."

"Ka iya waƙa?"

"Kira dai na ji."

Malam ya ba shi waƙa ɗaya, ya ce ya koya a gida, ya zo gwaji ranar Asabar.

A gida matar ta dube shi sama da ƙasa. "Baban biyu, kai da waƙa? Yaran fa?"

"Maman biyu, kada ki shiga tsakanina da aikin Allah."

Ta ce, "To."

To mai yara uku ina ya ga lokacin koyon waƙa? Sai in jariri ya ƙi barci. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya je ƙofa ya dawo taga, yana bubbuga masa baya yana rerawa. Kwana shida a haka, waƙa ta zauna daram.

Ranar Asabar ya tsaya gaban mawaƙa, ya gyara murya, ya buɗe baki. Shiru. Ya sake buɗewa. Ko tari bai fito ba.

Malam ya ce, "Muna jinka."

"Malam, wani iri nake ji. Kafaɗata ba nauyi."

Aka ɗora masa littafin waƙa. Bai yi ba. Aka kawo ganga ya rungume, baiti ɗaya ya fito ya maƙale. Wata mata a layin gaba ta gaji, ta kwance goyonta ta miƙa masa. "Riƙe min, in gyara ɗankwali."

Yaro na sauka a kafaɗa, murya ta ɓalle. Kai, murya! Mai kiɗa ya saki baki. Malam ya share ƙwalla ya ce, "Gobe kai za ka ja baitin farko, kai kaɗai."

Lahadi ta yi. Ga shi a gaba cikin doguwar riga, fanka na kaɗa shi, yana leƙen matarsa a bencin baya tana kokawa da mutum uku. Har murmushi yake, marar kunya.

Aka tashi waƙa. Mai kiɗa ya ba shi hanya. Shiru. Ya zagayo ya sake ba shi. Shiru. Fasto ya leƙo ta saman tabarau. Gumi ya keto wa Baban biyu. Ya laluba dama, hannunsa ya faɗa bayan wani dattijo mai babbar murya da ke kusa da shi. Sai ya hau bubbuga masa baya a hankali, yana jijjiga shi. Waƙa ta fara fitowa. Ana tsakiyar baiti dattijo ya saki gyatsa, lasifika ta kai ta har bakin titi.

Dattijo ya ce, "Kai, ɗan nan, sake ni! Jikana ya girme ka!"

Malam ya juya yana yafuto bencin baya da hannu biyu. Maman biyu ba ta ɓata lokaci ba. Ta ratso tsakiyar coci, ta ɗora wa mijinta jariri, ta koma. Tagwaye suka biyo ta, amma ba su koma ba. Ɗaya ya kama ƙafar dama, ɗaya ya shige cikin rigar. Murya kuwa ta cika coci, tsofaffi mata suna ɗaga hannu. Ita kuma ta miƙe ƙafa a benci tana fifita da takardar sanarwa.

Haka aka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi. Ya nemi ya bari, fasto da kansa ya ce ba a ɓoye baiwa.

Ran nan bayan sujada yana cire riga, jariri na barci a wuyansa, matar na tsaye tana jira, ya ce, "Malam, ba komai. Saura kaɗan yaron nan ya fara tafiya, ya sauka daga kafaɗata, in huta."

Malam ya zaro ido. "Ya sauka? Wa zai ja mana baiti?" Ya juya wajen matar. "Maman biyu, kin dai ji da kunnenki. Ku taimaki ƙungiya, kafin wannan ya sauka a samo mana wani."