Rasuwar Gwaggo Ƙanƙara, Firizar Kicin ɗin Ma'aikata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu tafasa take yi, Uwar Tukwane, shugabar masu girki a kicin ɗin ma'aikatan masana'anta, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki da duk wanda ya taɓa miƙo faranti ta tagarta rasuwar abokiyar zamanta, babbar firizar nan fara da ke jingine da bangon sito, wadda kowa ya sani da Gwaggo Ƙanƙara. Ta rasu bayan gajeriyar jinya. Uwar Tukwane tana roƙon a lura da kyau cewa ba tsufa ne ya kashe ta ba, ko da yake wani ya riga ya kai wa manaja wannan labarin.

Marigayiya ta shigo kicin ɗin nan tun Uwar Tukwane tana yankan albasa a ƙarshen teburi, ba wanda ya damu da sanin sunanta. Tare suka tsufa. Baiwar Allah ce mai riƙon amana: abin da aka ba ta ajiya haka ake tarar da shi, ko kifi ne, ko kaza, ko ragowar miyar da ba a so manaja ya gani. Ba ta taɓa kai tsegumi ofis ba. In wuta ta ɗauke, sai ta riƙe sanyinta yini cur ba ƙorafi, tana jiran janareta ya gama shagwaɓarsa. Maganarta ɗaya ce tak, gurrrr, sai ta yi ƙyat ta huta, ta sake ɗauka. Da zafin rana, jikinta Uwar Tukwane take jingina bayanta mai ciwo.

Ga yadda cutar ajalin ta samo asali. Kamfanin da ke kawo musu kayan abinci a sari yana da ɗabi'ar turo labarai ta waya: an sauya jarkar mai, an kawo sabon tumatirin gwangwani, an rage wannan, an ƙara wancan. Mutum ɗaya ne yake haddace su kamar zai shiga jarrabawa, wato mai kula da sito, shi ya sa ake ce masa Sabon Samfuri. Ƙanin mijin Uwar Tukwane ne. Ita ta roƙar masa aikin da bakinta, kuma yau ji take kamar ta cije bakin nan.

Wata rana saƙo ya zo cewa daskararrun kaji sun daina zuwa a ƙananan kwalaye, yanzu a ƙaton kwali ɗaya suke, mai tsayi, wai ya fi sauƙin lodi. Sabon Samfuri bai tambayi kowa ba, bai ko leƙa cikin Gwaggo ya gwada da idonsa ba, ya ce a kawo mota guda. Kwalayen suka zo, suka fi bakin marigayiya tsawo da tafin hannu. Murfi ya ƙi rufuwa. Gogan naku ya ɗauko buhun shinkafa ya ɗora a kai, da abin ya ƙi, ya hau da kansa ya zauna yana danna waya. Kai, jama'a! Iska mai zafi ta yi ta shiga ta gefe, ƙanƙara ta yi ta taruwa, har kwalayen suka manne da bangonta kamar an zuba musu siminti. Muryarta ta sauya, ta koma gurrr-gurrr-gurrr ba hutu, dare da rana.

Ranar da abin ya faru, Uwar Tukwane ta je a duba mata gwiwa, ta bar saƙo a fitar da kaji su narke. Duk wanda ya taɓa aikin kicin ya san in ƙanƙara ta kama kaya, kashe firiza ake yi a ba ta lokaci. Shi kuwa sauri yake. Ya zaro wuƙar yankan nama, ya ɗauko guduma, ya shiga saran cikin Gwaggo. Mata masu wanke-wanke ne suka ji maganarta ta ƙarshe ta bayan bango: fuuuusss. Wuƙa ta huda bututun gas ɗinta. Sabon Samfuri ya mayar da murfi, ya mayar da buhu, ya kama bakinsa ƙam, aka tashi hutun ƙarshen mako. Ƙaramar fitilarta tana ci, inji yana juyi, amma rai ya riga ya fita.

Da aka dawo aiki, wari ne ya yi wa mutane sannu da zuwa tun daga bakin ƙofa. Ranar ma'aikata suka ci shinkafa gaya, suna buga cokula a taga suna kiran sunan Uwar Tukwane, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tunda ta ɗaura zani a kicin ɗin nan. Kafin ta isa ofis, ƙanin mijin nata ya riga ta. Ya gaya wa manaja firiza ta tsufa, kuma matar yayansa ce ba ta kula da ita. Manaja ya ce in ba a nuna masa wani dalilin ba, za a karɓi makullin kicin daga hannunta, ta koma wanke-wanke. Matan da suka ji ƙarar kuwa duk sun kurmance, don sabulunsu da ragowar abincin da suke kai wa yara daga sitonsa suke fitowa.

Uwar Tukwane ta ɗaga murfin sau ɗaya, ta toshe hanci, ta ga raunin da idonta, ta rufe, ta sa kwaɗo. Da Sabon Samfuri ya yi wuf ya kirawo mai sayen tsofaffin ƙarafa don a binne magana, sai suka tarar da ita zaune daram a kan gawa, ko gezau. Mai ƙarafa ya juya kurarsa ya tafi. Daga nan ta sa aka tura marigayiya bayan kicin, inda rana ta fi duka, da kajinta a ciki. Surukarta ta aiko a rufa asiri, ai ɗan uwa ne. Mijinta ya koma cin abinci kansa a sunkuye. Ita kuwa ta aika wa tsohuwar gaisuwa mai kyau da tambayar ciwon ƙafarta, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Marigayiya ta bar murhun gas, da babbar tukunya mai kunne ɗaya, da sikelin sito wanda dama ba a shaidarsa da gaskiya. Ta bar ɗa guda, ƙaramin firjin ofishin manaja, wanda bai gado komai nata ba, ruwan mutum ɗaya kawai yake iya riƙewa.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan kicin. Uwar Tukwane ce za ta buɗe kwaɗo, mai gyaran firji zai duba gawa a gaban manaja da masu wanke-wanke, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi. Manaja ya amince cewa wanda aka samu da laifi shi zai kwashe abin da ke ciki, ya yi wa marigayiya wanka da hannunsa, sannan ya zarce wurin wanke-wanke. An riga an tanadi bokiti da soso. Ana roƙon masu halarta su zo da hankici su tsaya ta inda iska ke tasowa. Uwar Tukwane za ta kawo kujerarta ta zauna kusa, don ta yi rantsuwa ba za ta tashi ba sai ta ga ƙanin mijinta ya tsamo kaza ta ƙarshe.